Kotso Ɗaya, Bakuna Da Yawa: Yadda Gidan Ɗanƙwairo Ya Yi Ta Sauya Jagora

A ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire ƙasar Kazaure, har da Roni da Gwiwa, da kuma Ɓaɓura, daga Jihar Kano ta zuba su cikin sabuwar Jihar Jigawa. Ba a rufa wata guda ba sai ga sanarwa daga Maradun, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato, cewa Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo rasuwa. Samarin da ke cika tashar mota da rumfunan masu shayi a waɗannan garuruwa yau, akasarinsu ba su riske shi da rai ba. Amma ka hau motar haya daga Kazaure zuwa Daura, ba abin mamaki ba ne direba ya saki waƙar da ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ka ji fasinjan da bai kai shekara talatin ba yana bin amshin a hankali, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Abin da ke rubuce a jikin wayar direban suna ɗaya ne: Ɗanƙwairo. Abin da ke fitowa daga lasifikar kuwa taron mutane ne, wasu na kiɗa, wasu na karɓa, wani na kirari daga gefe. Mun saba mu tattara ladan aikin gaba ɗaya mu miƙa wa wanda ke gaba. A wannan gida yin haka kuskure ne babba, domin jagoranci ya bi hannu da yawa kafin ya iso ga Musa, ya kuma wuce bayansa, ganga ma an sauya ta a hanya, wanda ake yi wa waƙar ya sauya fiye da sau ɗaya. Abin da bai taɓa yankewa ba shi ne sahun mutanen da ke zaune a bayan jagora.

Daga gona zuwa ƙofar fada

Masu tarihin gidan, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero wanda ya shafe shekaru yana bin makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara gida-gida, suna farawa ne daga kakan Musa, Maiganga, sannan mahaifinsa, Usman Ɗankwanda. A ƙasar Bakura aka haifi Musa, cikin shekaru goman farko na ƙarni na ashirin, kuma kiɗan da ya buɗi ido ya tarar a gidansu shi ne kiɗan noma.

Manomin Gwiwa ko Roni da ya haura shekara sittin ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ranar gayya, samari sun jeru da garma ko hauya, kowa da kuyyarsa, makaɗi yana biye da su da gangar noma, yana kiran kowane gwarzo da takensa. Kiɗa ne na fili, na rana tsaka. Ana son ganga mai kai amo nesa da murya mai keta iska, kuma baitin ya zama gajere, saboda mai noma ba shi da lokacin sauraron salsalar kakanni; abin da yake so shi ne a zuga shi ya riga na kusa da shi fita kunya. Wanda ya gaza kuma a yi masa habaicin da zai kwana yana jin zafinsa. A wannan makaranta gidan ya koyi abu biyu da suka bi shi har fadar Firimiya Sardauna: zuga mai tsima jiki, da ba'ar da ke sa taro dariya alhali wanda ake nufi yana zaune a wurin.

Sauyin farko ya zo ne da gidan ya zama na makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun. Shiga fada ya tilasta a ɗauki kotso. Wanda bai taɓa ganinsa kusa ba, ƙaramar ganga ce mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai baki ɗaya kawai ake rufewa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Ana rataya shi a kafaɗa a matse tsarkiyoyinsa, a buga da hannu tsirara ba da makaɗi na itace ba. Akan manna wani ɗan baƙin haɗi a tsakiyar fatar don amon ya yi zurfi. Kafin a fara, za ka ga mai shi yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana karkata kunne, yana ja yana sassautawa har muryar nasa ta daidaita da ta 'yan'uwansa. Kotso ba ya ihu. Saboda haka yana barin fili ga magana, kuma da fili ya samu sai magana ta yi tsawo: aka shigo da asalin sarki da jerin iyaye da kakanni, da yaƙe-yaƙen da suka yi, da zambo ga 'yan sarkin da ke hangen gadon, da godiyar doki da riga da rawani. Waƙar da a gona ba ta wuce 'yan layuka ba, a fada ta zama gini mai ɗakuna.

Musa ya shiga sahun amshin mahaifinsa tun yana yaro ƙarami. Sunan da duniya ta san shi da shi ma daga cikin sahun ya fito. Akwai wani yaron Ɗankwanda mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da aka ji muryar Musa ta ɗauko irin tasa sai aka riƙa ce masa ɗan Ƙwairo, har ya bi shi. Mutumin da ya zama tambarin kiɗan fada a ƙasar Hausa, sunan ɗan amshi yake ɗauke da shi.

Da Ɗankwanda ya rasu, ba Musa ne ya gaje shi ba. Wan Musa, Kurna, shi ne ya hau jagoranci, Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato na biyu, wanda ke riƙe da ƙungiya in jagora ba ya nan, kuma wanda ake sa ran zai gada. Ƙungiyar makaɗan fada ƙaramar masarauta ce, da muƙamanta da ladubbanta. Akwai wanda ke fara magana da wanda ke jira. Kyauta in ta fito hannun jagora take shiga, shi ke rabawa gwargwadon matsayi, kuma rikicin da ya fi wargaza irin waɗannan ƙungiyoyi daga wajen rabon yake tasowa, ba daga wajen waƙa ba. Musa ya daɗe a wannan kujera ta biyu. In aka yi lissafi daga haihuwarsa zuwa lokacin da sunansa ya game Arewa, ya kai kimanin shekara hamsin yana amsa wa wani ko yana tsaye a bayan wani. Dattawan da suka san kiɗan Kurna har yau akwai masu cewa wan bai gaza ƙanen a fasaha ba, rediyo ce kawai ta tarar da ƙanen a kan gaba. Ko mutum bai yarda da su duka ba, maganarsu abin dubawa ce.

Yadda ake miƙa magana

Nan ne ya kamata mai sauraro ya rage sauri. Ka ɗauki kowace daga cikin manyan waƙoƙin gidan, ka daina bin muryar Musa, ka bi ta mutanensa. Abin da za ka fara lura da shi shi ne ba gindin waƙa kawai suke maimaitawa ba. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake shi, su cafe su ƙarasa, da kalmomi masu yawa, wani lokaci fiye da waɗanda shi ya furta. Wani wurin kalma ɗaya zai jefa, su su gina sauran. Wani wurin su rako shi tare, sannan su zarce su sauka a kan gindi daidai inda kotso ya sauka. Masu nazarin waƙar baka suna da sunaye ga waɗannan dabaru, irin su karɓi da ƙari da rakiya, amma ko ba ka san sunan ba kunnenka zai gaya maka cewa nauyin waƙar a kan mutum shida ko bakwai yake, ba a kan ɗaya ba.

Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara, an yi ta bita har kowa ya haddace. Makaɗan fada ba su cika ƙaga waƙa nan take a gaban sarki ba. A gida ake ɗinka ta, a gwada, a warware, a sake. Da yawa daga cikin masu amshin su ne kuma masu buga kotson, hannu na aiki baki na aiki. Ga kuma sanƙira a gefe, yana cusa kirari a tsakanin numfashi, yana fassara wa taro wanda ake nufi, yana shelar abin da aka bayar. In ɗan amshi ɗaya ya yi jinkirin rabin bugu, ɗan waƙar gaba ɗaya ya zube. Shi ya sa gidan ya fi dogara ga 'ya'ya da ƙanne da waɗanda suka tashi a cikinsa. Baƙo, ko muryarsa ta kai ta wa, sai ya shekara yana sauraro kafin ya san inda ake shiga.

A ganina wannan ne sirrin daɗewar gidan. Waƙar ba a kan mutum ɗaya take ajiye ba. Kowane ɗan amshi kundi ne mai tafiya da ƙafa, kuma in jagora ya faɗi, wanda zai tashi ya riga ya san kashi biyu cikin uku na aikin.

Kwatanta da Alhaji Mamman Shata, wanda kabarinsa ke nan Daura, tafiyar da ba ta da nisa daga Kazaure. Shata ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999, kuma shi ma da ƙungiya ya yi aiki, masu kalangu da 'yan amshi da suka bi shi shekara da shekaru. Amma tsarinsa daban ne. Amshi layi ɗaya ne tsayayye, su yi ta juya shi, shi kuma ya yi ta zubo magana yadda ta zo masa a lokacin. Duk dukiyar tana cikin kan mutum ɗaya. Ɗansa Sanusi ya ɗauki kalangu bayansa ya yi iya ƙoƙarinsa, sai dai abin da ake nema a wurin Shata ba abin da ake haddacewa ba ne. Ibrahim Narambaɗa kuwa, wanda da yawa ke sa shi gaba da kowa a kiɗan kotso, ya tsare galibin waƙoƙinsa ga ubangida ɗaya, Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, kuma bayan rasuwar Narambaɗa a farkon shekarun 1960 ba a sake jin ƙungiyar da irin wancan amo ba.

Kaduna

Sauyi mafi girma ya zo ne daga sama. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa tun 1954, jinin gidan Shehu ne, ya kuma san amfanin makaɗi a siyasa. Da bukatar makaɗin fada ta taso, daga gidan Sarkin Ƙayan Maradun aka ba shi, kuma Musa ne ya tafi. Daga nan Daudu ya zama jagora mai cin gashin kansa, da nasa mutanen.

Yi wa Firimiya waƙa ba ɗaya yake da yi wa sarkin gari ba. Sarkin gari abokan hamayyarsa 'yan'uwansa ne, kowa a garin ya san wanda ake nufi in an ambaci wata dabba ko wata tawaya. Firimiya kuwa ƙasarsa ta tashi daga Sakkwato har Ilori da Barno da Binuwai, abokan adawarsa jam'iyyu ne, masu saurare kuma mutane ne da ba su taɓa taka Zamfara ba. Dole waƙar ta buɗe. Aka shigo da maganar haɗin kan Arewa, da addini, da tafiye-tafiyen Sardauna, da ayyukan gwamnati, ba tare da an jefar da salsala da zuga na gado ba. Musa ya yi masa waƙoƙi fiye da goma. Sa'ar da ya yi ita ce gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daidai lokacin. Ta wannan akwati Zamfarancin Ɗanƙwairo ya shigo zaurukan Kazaure da Ɓaɓura, inda ake Hausa mai kama da ta Kano da Daura, aka kuma karɓe shi ba tare da tafinta ba.

Ranar 15 ga Janairun 1966 sojoji suka kashe Sardauna. Makaɗin da ya rasa ubangida irin wannan, a al'ada, ko ya koma gida ya yi shiru ko ya nemi inuwa ɗaya ya fake. Ɗanƙwairo bai yi ko ɗaya ba, kuma zamanin ma bai bar shi ya yi ba. Cikin 'yan shekaru gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya saura. Sarki ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyin ƙungiya mai iyalai da yawa kamar da. Sai gidan ya zama na sarakuna duka: 'Yandoton Tsafe Aliyu, wanda waƙarsa ta zama abin misali wajen zambo, Sarkin Daura Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gado a 1966, Sarkin Kano Ado Bayero, da wasu da yawa. Daga baya attajirai da 'yan siyasa da manyan ma'aikata suka shigo layi. Masu tsaurin ra'ayi sun ce kotso ya zubar da girmansa da ya fara kiran wanda ba ɗan sarki ba. Ni ina ganin da bai yi hakan ba da tuni ya koma ɗakin ajiye kayan tarihi, kamar yadda wasu gangunan fada suka koma. Gaskiya ne dai cewa ba duk waƙoƙin ƙarshen ne suka kai na tsakiyar nauyi ba. Inda babu tarihin da za a jawo, sai a cika wurin da lissafin kyauta.

Wannan matsala ta wane ne ƙungiya in mai murya ya tafi ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Landan an kafa wata ƙungiya mai suna Yes a 1968, masu irin kiɗan Turawan nan na jita da ke jan waƙa ɗaya ta kai minti ashirin tana sauya salo. Mawaƙinsu na asali, Jon Anderson, ya fita a 1980 aka sa Trevor Horn, Anderson ya dawo a 1983, sannan a 2008 aka maye gurbinsa da Benoît David, mutumin da aka samo daga wata ƙungiya da sana'arta ita ce kwaikwayon waƙoƙin Yes ɗin. A 2012 Jon Davison ya karɓa. Tun da Chris Squire ya rasu a 2015 babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka kafa ta da ke ciki, amma sunan na nan, masoya kuma na ta jayayya a kan ko har yanzu ita ce. A Bamako, ƙungiyar Rail Band da aka kafa a 1970 ta rasa Salif Keita, Mory Kanté ya hau, shi ma ya tafi, mai jita Djelimady Tounkara ya riƙe ta shekaru da dama. Kusa da mu, hayin iyakar da Ɓaɓura ke kallo, akwai Tal National ta Yamai, wadda Almeida ya kafa a 2000. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, mawaƙa da makaɗa na karɓa-karɓa, har sukan rabu biyu su yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. Bambancin gidan Maradun da waɗannan shi ne bai taɓa bukatar ya fita neman mai murya a waje ba. Yana renon nasa tun suna goye.

Bayan 1991

'Ya'yan Ɗanƙwairo sun ci gaba, jikoki ma sun taso. Ana gayyatarsu naɗin sarauta da bukukuwan manya, kotson na nan, tsarin karɓin na nan, wani lokaci ka rufe ido ka rantse tsohon ne. Wahalarsu ta wani fanni ce. Kurna bai yi gasa da muryar Ɗankwanda ba, domin babu wanda ya naɗe ta. Da tsohon ya tafi, yadda magaji ya rera ita ce waƙar. Magadan Musa kuwa suna gasa da Musa kansa, wanda ke cikin kaset da katin waya da intanet, bai tsufa ba, muryarsa ba ta dushe ba. In sun yi kamar shi a ce kwaikwayo ne. In sun kauce a ce sun ɓata gado. Na'urar da ta ɗaukaka gidan ita ce ta daskarar da shi a shekarun mutum ɗaya.

Ga kuma kasuwa ta juya. Tun da fiyano da sitidiyo suka kama Kano a shekarun 1990, mawaƙi ɗaya da mai haɗa sauti ɗaya sun isa su fitar da waƙar sarauta cikin yini guda. Amshin ma sau ɗaya ake rerawa, kwamfuta ta yi ta liƙa shi inda ake so. Mai biki a Kazaure ko Roni da ke lissafin kuɗin mota da masauki da abincin mutum goma, ga kuma wanda zai zo da kebul da lasifika shi kaɗai, ba sai an gaya maka wanda zai kira ba. Mawaƙan zamani irin su Aminu Ala da Naziru Ahmad sun yi waƙoƙin sarakuna masu kyau, kuma duk mai kunne ya san sun sha daga rijiyar su Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru. Abin da suka ɗauko shi ne kalma da zuga da kirari. Miƙa magana daga baki zuwa baki a tsakiyar ɗan waƙa, wanda sai mutane sun shekara goma tare suke iya shi, bai biyo su sitidiyo ba.

A masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa tun 1819, har yanzu ranar hawan Sallah hakimai na fitowa kowa da makaɗansa a baya, daga Roni, daga Gwiwa, daga 'Yankwashi. Yawancin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi gado ne su ma, uba ya bar wa ɗa, wa ya bar wa ƙane, kuma kusan duk mai bugawa yana da wata sana'ar da yake ci da ita, noma ko dako ko acaɓa, kiɗan sai Sallah ko naɗi. Su ba su da Rediyon Kaduna da ta tarar da su a kan gaba. Mai ɗaukar hoto da waya yakan bi doki da mahayinsa, makaɗan su shigo hoton ta gefe su fita.

Masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa kuwa sun sauƙaƙa wa kansu aiki. Duk abin da aka ji kotso a ciki da Zamfarancin dattawa, akan zuba shi a jaka ɗaya a rubuta Ɗanƙwairo, ko na wansa ne, ko na 'ya'yansa, ko ma na wani gidan dabam. Mai saye ya biya kuɗinsa ya tafi, ba ya tambaya.